Yadda agogon ƙararrawa mai sifirin ke gane lokacin da aka ɗana masa

Agogon ƙararrawa irin na da, mai ƙararrawa biyu a ka da 'yar guduma a tsakani, ba ya amfani da batir ko wutar lantarki, kuma babu wata 'yar kwamfuta a cikinsa da ke lissafi. Tagulla ce da ƙarfe kawai. Duk da haka mutum zai murɗa ɗan hannun ƙararrawa ya kai shi kan ƙarfe shida, ya kwanta abinsa, shida na cika agogon ya ɓarke da ƙara. Ta yaya ƙarfe ya san shida ta yi?

Lambobin da ke fuskar agogo don idon mutum aka rubuta su. Da za a kankare su duka, ko a cire fuskar gaba ɗaya, ƙararrawar za ta buga a daidai lokacin da ta saba. Abin da ke faruwa a ciki haɗuwar ƙarafa biyu ce. Ɗaya mutum ne ya tsayar da shi a wuri guda, ɗayan kuma agogo ne ke zagayawa da shi sannu a hankali. Sa'ad da mai tafiya ya iske na tsaye, sai wani abu ya faɗa cikin wani abu. Duk halayen wannan agogo, har da waɗanda ke ba mutane haushi, daga siffar wannan haɗuwa suka samo asali.

Juya agogon ka dubi bayansa. A mafi yawansu za ka ga mabuɗi biyu na wanawa da ƙananan mamurɗai biyu, ɗaya na gyara lokaci, ɗaya na saita ƙararrawa. Mabuɗi biyun nan shaida ce cewa inji biyu ne ke zaune a gida ɗaya, kowanne da sifirinsa da fayafansa masu haƙora. Kowa harkar gabansa yake yi, wuri ɗaya tak suke taɓa juna.

Injin lokaci shi ne wanda ya sa ake wa agogo kirari da sarkin aiki, domin ba dare ba rana yana tafiya. Sifirinsa dogon falle ne na ƙarfe da aka nannaɗe. Idan ka wana mabuɗi matse shi kake yi, shi kuma yana neman warwarewa. Ƙarfin warwarewar yana bi ta jerin fayafai, kowanne yana juya na gabansa da sauri fiye da kansa, har ya kai ga na ƙarshe. Nan aka sa masa takunkumi: wata 'yar ƙugiya mai baki biyu da ke sakin haƙori ɗaya, ta tare na gaba, ta sake saki. Mai ba ta umarni wani zobe ne da ke kai da komo a kan wani siririn sifirin, kuma kowace kai da komo tsawon lokacinta kusan ɗaya ne. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji cikin dare sautin wannan tarewa da saki ne.

Abin da ya shafi zancenmu a wannan inji yana ƙarƙashin fuskar agogo. Sandar tsakiya tana zagaye ɗaya a awa, ita ke ɗauke da hannun minti. Hannun awa kuwa zagaye ɗaya yake yi a awa 12, saboda haka sai an rage gudu sau 12, kuma a mataki biyu ake yi. Misali, ƙaramin faifai mai haƙori 12 a kan sandar tsakiya ya juya mai haƙori 36, gudu ya ragu sau 3. Shi mai 36 ɗin yana goye da wani ƙarami mai haƙori 10 da ke juya mai haƙori 40, gudu ya sake raguwa sau 4. Uku sau huɗu 12. Adadin haƙoran yana bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, amma tilas lissafin ya tashi 12. Wannan faifai na ƙarshe, faifan awa, yana cinye digiri 360 a awa 12, wato digiri 30 a awa ɗaya, rabin digiri a minti ɗaya. Kowane lokaci a cikin awa 12 ɗin yana da matsayinsa na kansa a jikin faifan, babu lokuta biyu da suka yi tarayya a matsayi ɗaya. To, tunda haka ne, duk wanda ke son gane lokaci a cikin inji, inda faifan ya fuskanta kawai zai duba.

Injin ƙararrawa ba shi da wannan natsuwa. Sifiri ne, da faifai ɗaya ko biyu, sai wani mai haƙora masu tsini da ke tunkuɗa wata ƙugiya hagu da dama. A jikin ƙugiyar aka dasa sandar guduma. Babu zoben da ke daidaita masa gudu, nauyin gudumar ne kaɗai ke ɗan rage masa hanzari. Da zarar an sake shi, sai ya zazzage duk ƙarfin da ke cikin sifirin cikin ɗan lokaci kaɗan. Idan ka lura da bayan agogo yayin da yake bugawa, a da yawansu za ka ga mabuɗin ƙararrawa yana juyawa da baya shi kaɗai, sifirin ne ke warwarewa a gaban idonka.

Wannan inji tarko ne da aka ɗana. Ƙarfin yana nan a tare tun daren jiya da aka wana mabuɗi, abin da ya rage kawai a zare ɗan abin da ya tokare shi. Hikimar raba aikin ke nan, domin faifan awa ba shi da ƙarfin kaɗa guduma, kuma da za a ɗora masa wannan nauyi da agogon ya tsaya. Aikin da aka ba shi bai wuce zare tokari ba.

Tokarin wani siririn harshe ne na ƙarfe mai tankwaruwa, an ɗaure gindinsa da jikin injin, an lanƙwasa bakinsa ya leƙa ta wata kafa zuwa inda wutsiyar guduma take. Idan aka danne harshen, bakinsa yana shiga gaban wutsiyar, guduma ba ta da ikon motsi komai ƙarfin sifirin da ke bayanta. Idan aka sassauta masa, sai ya miƙe ya janye bakinsa. Saura a san abin da ke danne shi awa goma sha ɗaya da wani abu, ya kuma sake shi a lokacin da ake so.

A agogon da ke da 'yar ƙaramar fuska ta daban don ƙararrawa, ga yadda aka tsara abin. Mamurɗin saita ƙararrawa da ke baya yana kan wata sanda da ta ratsa injin har gaba, kuma a kanta aka kafa ɗan hannun ƙararrawa da ake gani a fuska. An soke sandar da wata 'yar ƙusa a gicciye, kusa da ƙarshenta. Duk inda hannun ya nuna, ƙusar tana da matsayin da ya dace da shi, domin jiki ɗaya suke. Sandar ba ta tafiya da agogo. Akwai wani abin matsewa da ke riƙe ta daram a inda mutum ya bar ta, sai an sa yatsa take juyawa.

A kan wannan sanda aka zura wani faifai mai haƙora, amma ba a ɗaure shi da ita ba. Yana iya zagaya ta, yana kuma iya zamewa gaba da baya a jikinta kaɗan. Haƙoransa suna cikin na ƙaramin faifan nan da ke juya faifan awa, kuma yawansu ɗaya da na faifan awa, don haka shi ma zagaye ɗaya yake yi a awa 12, kafaɗa da kafaɗa da hannun awa. A tsakiyarsa yana da ɗan wuya irin na bututu, wanda aka yanke wa giɓi guda ɗaya a leɓe. Harshen ƙarfen nan yana ƙarƙashin faifan, kullum yana tura shi waje, ƙusar kuma ta tare shi ta gaba. Muddin ƙusa na kan lafiyayyen leɓe, faifan ba shi da wurin zuwa, yana nan a danne, shi kuma ya danne harshe, harshe ya tokare guduma.

Mu ce ƙarfe goma na dare aka saita ƙararrawa a kan shida. Tsakani awa 8 ne, saboda haka giɓin yana bayan ƙusa da digiri 240. Duk daren nan leɓen bututun yana gogar ƙusa yana wucewa, rabin digiri kowane minti, ido ba ya ma iya ganin motsin. Sha biyu ta yi, saura digiri 180. Uku ta yi, saura 90. Shida saura minti biyu, saura digiri ɗaya, kuma har yanzu babu abin da ya canza a ɓangaren ƙararrawa, yadda yake da ƙarfe goma haka yake. Sai bakin giɓi ya iso ƙarƙashin ƙusa. Abin da ya tare faifan ya kau, harshe ya wurga shi gaba ɗan taƙi kaɗan, ƙusa ta shige giɓi, bakin harshe ya fita daga hanyar wutsiya, guduma ta kama aiki. An yi wa ƙaramin faifan da ke juya shi haƙora masu ɗan faɗi, don kada wannan zabura ta raba su.

Ana iya jin wannan faɗawa da kunne. Danne maɓallin kashe ƙararrawa, ka riƙa juya hannuwan agogo gaba a hankali. Daidai lokacin da hannun awa ya iso inda aka saita, za ka ji wani ɗan "ƙat" daga ciki, wanda ya bambanta da ƙas-ƙas ɗin da aka saba. Faifan ne ya zabura. Ko an wana sifirin ƙararrawa ko ba a wana ba, ko an kashe ta ko an kunna, wannan "ƙat" sai ya faru sau biyu kowace rana.

Inda gizo ke saƙar shi ne siffar giɓin. Gefensa biyu ba iri ɗaya ba ne. Gefen da ke fara isowa ga ƙusa a tsaye yake cak, ɗayan kuma gangare ne mai sauƙin hawa. Tsayayyen gefen shi ke sa faɗawar ta zo farat ɗaya. Da gangare ne ta nan ma, da harshen zai riƙa janyewa kaɗan-kaɗan, gudumar ta fara karkarwa tana taɓa shi tana kuɓucewa, ba a san takamaiman lokacin da za ta saki jiki ba. Gangaren kuma shi ne hanyar fita. Faifan bai daina juyawa ba bayan ƙararrawa ta buga, saboda haka gangaren yana shiga ƙarƙashin ƙusa yana mayar da faifan baya, har ya sake danne harshe. Injin lokaci ne ke yin wannan aiki da ɗan ƙarfin da yake da shi, shi ya sa ba a yin gangaren da tsauri. Idan ya yi tsauri, agogon zai riƙa wahala ko ma ya tsaya cik a duk lokacin da ya zo hawa.

Sauƙin gangaren yana da farashinsa, wato jinkiri. Idan ya ci digiri 30 na leɓen, awa ɗaya cur za a yi kafin tokari ya koma wurinsa. A tsawon wannan lokaci ƙofar a buɗe take. Wanda ya danne maɓalli da ƙarfe shida, ya zo da shida da kwata ya ɗaga shi don shirin gobe, sai ƙararrawa ta sake tashi a hannunsa in da sauran ƙarfi a sifirin. Lafiyar agogon ƙalau, ƙusa ce ba ta gama fita daga giɓi ba. Shi dai maɓallin kashewa tokari ne na biyu, wanda ke riƙe guduma kai tsaye, babu ruwansa da faifai ko ƙusa.

Haka nan 'yar kibiyar da ake bugawa kusa da mamurɗin ƙararrawa ba ado ba ce. Idan aka bi ta, hannun ƙararrawa baya yake yi, kishiyar tafiyar hannuwan agogo, kuma ta haka ƙusa ke faɗawa ta tsayayyen gefe ta fita ta gangare, kamar yadda aka tsara. Idan aka murɗa ta ɗaya ɓangaren, ƙusa za ta gangara cikin giɓi ta ci karo da bango, wato tsayayyen gefen nan. Daga nan ko dai ta ja faifan da hannuwan agogo su biyo ta, ko ta lanƙwashe, ko ta ci bakin giɓin. Masu ƙera agogo sun san halin mutane, shi ya sa a wasu aka yi mamurɗin da zare irin na noti, idan ka murɗa ba daidai ba sai ya kwance ya faɗo a hannunka maimakon ya ɓata injin. Mayar da hannuwan agogo baya su tsallake lokacin ƙararrawa ma karon iri ɗaya yake jawowa, sai dai a nan bangon ne ke zuwa ya sami ƙusa.

Sai maganar da aka fi yin ƙorafi a kai: an saita shida, ta buga shida saura biyar, ko shida da minti uku. A ganina wannan ƙorafi bai yi wa injin adalci ba, idan aka dubi girman abin da ake aunawa. A ce faɗin bututun santimita ɗaya ne. Kewayensa zai kai kusan milimita 31, kuma a wannan ɗan tsawo aka cusa minti 720. Kowane minti ya tashi da kusan milimita 0.04, bai kai kaurin gashin kai ba. Ɗan sakin da ke tsakanin haƙora, ko ɗan cin da bakin giɓi ya yi saboda shekaru, ko karkatar ƙusa ƙiris, kowanne ya isa ya ci minti biyu ko uku. Ga kuma idon mai saitawa, wanda ke ƙoƙarin tsayar da ɗan guntun hannu a kan 'yar fuskar da zanenta a agoguna da yawa bai wuce na kwata-kwata ko minti goma-goma ba. Kuskuren 'yan mintoci a irin wannan tsari ba alamar lalacewa ba ce, iyakar abin da faifai mai rabin digiri a minti zai iya bayarwa ke nan.

Agogon bango mai buga awa ba ya fama da wannan matsala sosai, yana bugawa daidai lokacin da hannun minti ya hau kan 12. Dalili shi ne sakin nasa daga ɓangaren minti yake fitowa, inda ake cin digiri 6 a minti ɗaya, ninki 12 na tafiyar faifan awa. Sai dai shi aikinsa mai sauƙi ne, kowace awa zai buga, ba ya bukatar zaɓe. Agogon ƙararrawa kuwa lokaci ɗaya zai tsamo daga cikin awa 12. Mai son duka biyun, zaɓe da daidaito, sai ya haɗa sharaɗi biyu: giɓi a faifan awa da zai buɗe hanya, da wani a ɓangaren minti da zai yi sakin ƙarshe. Ana yin haka a wasu agoguna masu tsada, amma ƙarin fayafai ne da ƙarin aiki, kuma agogon gefen gado an yi shi ne don ya yi araha.

Faifan da ke zagaye a awa 12 bai san safe ba, bai san yamma ba. Shida ta safe da shida ta yamma matsayinsu ɗaya a jikinsa. Shi ya sa ba a iya saita irin wannan agogo don abin da ya wuce awa 12 a gaba, kuma wanda ya wana ƙararrawa da rana ya bar maɓalli a ɗage zai ji ta da yamma. An ƙera wasu da faifai mai zagaye ɗaya a awa 24, waɗanda ke bugawa sau ɗaya a rana, amma a nan kowane minti kwatan digiri ne, wato wurin kuskure ya ninka.

A agogon da hannun ƙararrawa ke tsakiya tare da sauran hannuwa, dabarar ɗaya ce, zubin ne ya bambanta. Faifan awa da kansa ne ke zabura. Yana da 'yan ƙusoshi ko tudu a fuskarsa, yana gogar wani faifai na tsaye mai ramuka, wanda ke ɗauke da hannun ƙararrawa. Sau da yawa ana yin su uku don faifan ya zauna daidai kada ya karkace. To amma uku masu nisa ɗaya daga tsakiya, a rabe daidai, ai za su faɗa ramuka sau uku a zagaye ɗaya, kowace awa 4. Maganin da aka yi shi ne a ba kowanne nisansa daban daga tsakiya, yadda ba zai iya shiga ramin ɗan'uwansa ba. Sai dukansu uku sun dace da ramukansu a lokaci guda faifan ke faɗawa, kuma hakan sau ɗaya yake faruwa a awa 12.

Akwai masu mabuɗi ɗaya, inda sifiri guda ke ciyar da inji biyun. A nan dole a sa wani abin ƙayyadewa da zai tsayar da ƙararrawa bayan ta ci wani rabo, in ba haka ba ta zuƙe ƙarfin duka agogo ya mutu. Akwai kuma masu bugawa su yi shiru su sake bugawa. Su wani faifai ne daga injin lokaci ke shigo da tokari na uku gaban guduma yana fitar da shi, bi da bi.

Dabarar ta girmi agogon gefen gado da ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarni na 15 ana yin agoguna a Turai masu jerin ramuka a kewayen fuska, mutum ya soka tsinke a ramin awar da yake so, tsinken ya zagayo ya ture wani ƙarfe. A tsakiyar ƙarni na 16 masanin taurari Taƙiyuddin, wanda daga baya ya kafa gidan nazarin taurari a Istanbul, ya bayyana irin wannan tsari a rubutunsa kan agoguna. Agogunan bango na tagulla da aka yi yayi a Ingila a ƙarni na 17 suna da ɗan faifai mai lambobi a tsakiyar fuska, wanda ke tafiya tare da hannun awa. Sai a juya shi har lambar da ake so ta zo ƙarƙashin wutsiyar hannun. A bayansa akwai ƙusa da ke ɗaga wani ƙarfe idan lokaci ya yi, nauyin da aka rataye da igiya ya sauko yana kaɗa guduma a cikin ƙararrawa. A waɗannan, ƙusa ce ke tafiya, abin da za ta taɓa kuma yana tsaye wuri ɗaya, saitawar ita ce gusar da ƙusar gaba ko baya a jikin abin da ke zagayawa. Kuma da yake ɗagawa ake yi a hankali, babu faɗawa, sakin bai kai na giɓi kaifi ba.

Ana yawan ambaton Levi Hutchins na garin Concord a jihar New Hampshire ta Amurka, wanda ya ƙera wa kansa agogon ƙararrawa a 1787. Nasa ƙarfe huɗu na asuba kawai yake bugawa, domin wurin haɗuwar a kafe yake, ba a gusar da shi. A 1847 Antoine Redier na Faransa ya yi rajistar mallakar fasahar agogon ƙararrawa da ake iya saitawa, sannan a 1876 Seth E. Thomas ya yi rajistar ƙaramin agogon gefen gado mai sifirin a Amurka. Agogon gefen gado mai suna Big Ben na kamfanin Westclox, wanda ya fito wajen 1909, ya mayar da murfin bayan agogo ya zama shi ne ƙararrawar, guduma tana dukansa daga ciki. Shigar da abin cikin agogon hannu ya fi wuya, ba don gane lokaci ba, sai don samun sautin da zai tada mai barci daga ɗan ƙaramin gida. Agogon hannu mai suna Cricket na kamfanin Vulcain a Suwizalan, wanda ya fito a 1947, ya yi amfani da murfi biyu: guduma tana dukan wata ƙusa a jikin siririn murfin ciki, na waje kuma an huda shi don sauti ya fita ko da agogon yana manne da hannu.

Zuwan batir bai kori giɓi da ƙusa ba. Agogon ƙararrawa mai batir mai hannuwa, irin na roba da ya cika kasuwanni, har yanzu faifan awa ne ke faɗawa cikin ramukan faifan saitawa. Bambancin kawai shi ne maimakon ya saki guduma, sai ya haɗa bakin ƙarafa biyu wuta ta wuce zuwa abin da ke yin ƙara. Shi ya sa za ka ga agogo mai riƙe lokaci da kyau sosai, amma ƙararrawarsa tana kuskure da 'yan mintoci kamar ta kakansa. Mai nuna lambobi a gilashi ne ya canza hanya gaba ɗaya, shi kam lamba yake gwadawa da lamba.

Idan ƙararrawar agogo mai sifirin ta rikice, yanayin rikicin yakan nuna inda ciwon yake. Hannun ƙararrawa da ke bin hannun awa yana yawo alama ce ta cewa abin da ke matse sandar saitawa ya saki, gogar leɓe tana jan ƙusa tana tafiya da ita. Ƙararrawar da ke tashi da zarar an wana mabuɗi, kowane lokaci ne, yawanci harshe ne ya lanƙwashe ba ya kaiwa ga wutsiyar guduma. Wadda ba ta tashi sam, alhali sifirinta lafiya, sau da yawa tsohon mai ne ya daskare da ƙura ya hana faifan zamewa a kan sanda, giɓi ya zo ya wuce faifai bai zabura ba.

Wanda ya fi yawa shi ne agogon da ke bugawa da tazara iri ɗaya kullum, a ce rabin awa kafin lokaci, duk inda aka saita shi. Wannan yakan biyo bayan faɗuwa ko buɗe agogo. Hannuwan agogo cusa su kawai ake yi a kan sandunansu, za su zauna a kowane matsayi aka dasa su, kuma babu abin da ke tilasta musu dacewa da giɓin da ke ƙarƙashi. Mai gyara ba ya taɓa giɓi ko ƙusa. Zai cire hannun awa da na minti, ya tsayar da hannun ƙararrawa a kan wata cikakkiyar awa, a ce shida, ya riƙa juya mamurɗin lokaci a hankali yana kasa kunne. Yana jin "ƙat" sai ya tsaya, ya dasa hannun awa a kan 6, na minti a kan 12. Daga nan ya zagaya da su awa 12 ya sake saurare, sannan ya gwada a wata awa daban, kamar tara ko uku, don ya ga ko tazarar ta tafi ko da saura.